Mabuɗai a Hannun Baban Laraba

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe duk abin da ke kaina ya bar ni da numfashi kaɗai, da wata Asabar ta bazara da na tsaya a gaban Fada, limamin cocinmu, da yara da matan zumuntar coci, na buɗe bakin nan nawa da ba sauran haƙoran kirki a cikinsa, na yi abin da har yau ake ba da labarinsa a Nasarawa in mata sun taru tsintar shinkafa. Ni ban yi boko ba, ban san baƙi ko ɗaya ba. Ɗiyata Laraba ce ke riƙe da alƙalami, ina faɗa tana rubutawa. (In kun ga layi ya karkace, dariya ce ta kama ta. Ba ta da ta ido.)

To, ku gyara zama.

Ni mutuniyar ƙasar Zuru ce. Iyayena 'yan gargajiya ne, ba coci ba masallaci, a kan haka suka rayu, a kan haka suka koma. Aure ne ya kawo ni Argungu, kuma da ƙafata na biyo shi, ba wanda ya tura ni. Mijina ɗan Katolika ne, makanike, mai gyaran injin ban-ruwa. Duk fadamar nan, daga Argungu har Zauro, in inji ya yi tari ya ƙi tashi, shinkafa ta fara sunkuyar da kai, shi ake aika wa. Ya ɗaure jakar kayan aikinsa a bayan keke ya tafi, ya dawo da la'asar hannuwansa baƙi ƙirin, wata rana da kifi a igiya wanda wani manomi ya ba shi tukwici. Har yau in na wuce rumfar masu gyaran babur na ji warin baƙin mai, sai ƙafata ta rage sauri da kanta.

Ranar Lahadi mu wanke mu tafi 'yar ƙaramar cocinmu, shi a gaba ni a baya. In lokacin karɓar Tarayya ya yi, wato gurasar nan da muka gaskata jikin Yesu ce, sai ya tashi ya haɗa hannuwa ya shiga layi. Ni kuwa in zauna a benci ina kallon ƙeyarsa. Ba a yi mini baftisma ba, wanda ba a yi wa baftisma ba kuwa ba ya shiga layin nan. Ba hana ni aka yi ba. Katikizim nake tsoro, karatun addinin da ake yi kafin a yi wa mutum baftisma, don an ce daga ƙarshe sai an tsayar da kai a gaban jama'a an yi maka tambayoyi. Ni da ban taɓa zama aji ba? Sai na ce baɗi. Baɗi ta zo na ce baɗi. Shi kuma bai taɓa matsa mini ba, sai dai in mun fito muna tafiya gida ya ce, "Layin nan ba ya gudu, yana nan yana jiranki."

Layi bai gudu ba. Shi ne ya tafi.

Bayan an rufe shi, Laraba ta kwaso ni da 'yan komatsaina ta kawo ni gidanta a Birnin Kebbi, inda take aikin jinya. Ta ba ni ɗaki mai fanka da katifa mai laushi. Ban rasa ci ba, ban rasa sha ba. Amma da la'asar ta yi sai in sami kaina ina sauraren ƙofa.

Ana nan, ana nan, sai ga watan da muke tunawa da matattu. Fadan cocinmu na nan sabon zuwa ne, wani dogon saurayi siriri daga wajen Jos, mai yawan murmushi. Ya hau wa'azi a kan abin da ake kira zumuntar tsarkaka. Ya ce mu da ke raye da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, gida ɗaya ne, bango ne kawai a tsakani. Ya ce duk sa'ad da muka zo teburin Ubangiji, akushi ɗaya muke sa hannu da su.

'Ya'yana, maganar nan ta sauka a ƙirjina kamar dutsen niƙa. Wato duk Lahadi mutumin nan yana can ya wanke hannu yana jira, ni ina benci na naɗe hannu? Shi da tuwo ba ya wuce masa sai ina zaune gefe ina kore masa ƙuda? Ana tashi daga Misa ban ko tsaya gaisawa da kowa ba, na nufi Katikis Ishaku, malamin da ke koyar da karatun, wani gajeren dattijo mai tabarau ɗaure da zare.

Na ce, "Malam, na zo a sa ni katikizim."

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "Kaka, ke da kanki?"

"Da wa zan aiko?"

"Ajin manya ya watse, duk sun tafi aikin albasa. Sai dai ki zauna da yara."

Na ce, "In ta wurin yara ake shiga layin nan, sa ni cikinsu."

Haka na zama ɗaliba, da furfurata da jikokina. Muna zama a gindin dogon yaro bayan coci, yara a kan benci, ni a kan tabarmata don gwiwa. Katikis ya faɗa mu maimaita, ya faɗa mu maimaita. Ashe abin da na yi shekaru ina gudu, kunne kawai yake so, kunne kuwa ina da shi. Mu da muka tashi da haddace waƙar niƙa da ta daɓe, me zai gagare mu? Yara na leƙa littafi, ni ina zuba abin a ciki. In na koma gida ina tsintar shinkafa ina bita: wa ya halicce ni, don me ya halicce ni, dokoki goma, sakramenti bakwai tun daga baftisma har shafewar marasa lafiya. Kowace tsakuwa na fitar, amsa ɗaya.

Ba wai ban sha gyara ba. Ranar da aka koya mana cewa Allah ɗaya ne, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, na ɗaga hannu na ce na gane, kamar duwatsun murhu ne, uku ne amma tukunya ɗaya suke ɗauka. Katikis ya sosa ƙeya ya ce, "Kin yi ƙoƙari, Kaka, amma duwatsu uku ai duwatsu uku ne. Allah kuwa ɗaya ne tak. Wannan al'amari ya fi ƙarfin hankalin ɗan Adam." Na ce, "To in ya fi ƙarfin hankali, don me kake tambayar yara?" Sai ya ce mu ci gaba.

Ranar da aka zo kan wurin tsarkakewa kuwa, inda ake wanke sauran dattin mai bi kafin ya shiga wurin Allah, ban yi barcin rana ba. Na dawo washegari na tambayi Katikis a asirce ko zagin inji zunubi ne. Don mutumin nan bai taɓa zagin ɗan Adam ba, amma in inji ya ƙi tashi, har kakan injin sai ya ji a jikinsa. Katikis ya ce in ci gaba da yi masa addu'a, addu'ar masu rai tana isa can. Na riƙe wannan da hannu biyu.

Kafin a jima na zama abin misali. In yaro ya kasa amsa sai Katikis ya ce, "Kai, ba ka jin kunya? Kaka, faɗa masa." Ni kuwa in gyara ɗaurin kallabi in faɗa masa, har da ɗan tari na manya. (Girman kai, in ji katikizim, shi ne babba a cikin manyan zunubai. Wannan ma na haddace shi. Haddacewa kawai.)

Sai aka zo kan manzanni.

Katikis ya ce a cikin almajiran Yesu goma sha biyu akwai babbansu, wani masunci. Nan da nan na ji mutumin ya kwanta mini, don na zauna da masunta, na san halinsu: saurin fushi, saurin kuka, ga cika baki. Har aka ce ya taɓa kwana yana jefa taru bai kama ko ƙaramar tarwaɗa ba, na ce a raina da a Argungu ne da ya sha ba'a har jikokinsa. Katikis ya ce shi ne Yesu ya kira dutse, ya ce a kansa zai gina ikilisiyarsa, ya ba shi mabuɗan mulkin sama, kuma daga kansa ne aka fara jerin Paparoma har zuwa na yau. Sa'an nan ya ce, "Ku maimaita sunansa."

Ya faɗi sunan. Sunan mijina ne.

Ku yaran zamani ba za ku gane ba, ku da mace ke kwaɗa wa miji kira da sunan yanka daga ƙofar gida kamar mai kiran akuya. Mu a namu tashi, mace ba ta kama sunan mijinta. Ba doka ba ce da wani ya rubuta, kunya ce, kuma da ita muka san an girmama mutum. Tun ranar da aka kai ni ɗakinsa har ranar da aka fitar da shi daga ciki, sunan nan bai taɓa hawa harshena ba. Maigida nake cewa. Da aka haifi Laraba, ita ce ta biyu, sai ya zama Baban Laraba, don na farin ma ba na kama sunansa. (Allah ya taimake ni shi ba sunan manzo aka sa masa ba, da na shiga uku sau biyu.)

Yara suka kwashe da sunan gaba ɗaya, har tsuntsaye suka tashi daga kan dogon yaro. Ni kuwa na motsa leɓe na yi tari. Ba wanda ya lura. Washegari ma haka. Duk inda sunan ya taso a karatu sai tari ya kama ni, har wata rana Katikis ya kawo mini citta da kanumfari a ƙulle, ya ce in riƙa tafasawa. Na karɓa na yi godiya. Ban faɗa masa ba. Yaya abin misali za ta ce akwai amsar da ba ta iya faɗa?

Na gwada Laraba. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Haba Inna, ai ba Baba ake nufi ba, wannan ya mutu tun kafin a san Argungu." Na ce suna dai suna ne, harshe bai san bambanci ba. Ta ce in rufe ido in faɗa kawai kamar shan maganin zazzaɓi. Na ga ba ta da abin ba ni.

Da azuminmu na Kiristoci ya yi nisa, ranar tambayoyi ta matso, sai na shiga mota na tafi Argungu wurin Tumba. Tumba maƙwabciyata ce tun zuwana garin, Bakaba, Musulma, matar masunci. Katanga ɗaya ta raba mu, ta kanta muke miƙa wa juna gishiri da wuta. Ita ta karɓi haihuwar 'ya'yana duka. Har yau Amarya take ce mini, don da sunan ta fara sanina. Muna wuce Ambursa na ga fadama shar da shinkafar rani, injuna na ta bugawa nan da can, na kau da kai.

Na same ta a tsakar gida tana juya kifi a kan waya.

"Amarya! Ke ta? Birni ya karɓe ki, kin yi ƙiba awa matar ɗan kwangila."

"Ke kuwa kina nan awa ƙwarangwal, hayaƙi ya cinye ki."

Muka gaisa, muka yi kukanmu kaɗan, muka share. Na faɗa mata abin da ya kawo ni. Ita ba ta yi dariya ba, ita ta san nauyin abin.

Ta ce, "Wanga ai ba sabon abu ba na. Mu nan da sunayen annabawa da sahabbai ag ga mazanmu, ya kike tsammani muka yi? Malam na karatu, mace ta ce mai sunan Malam, ko takwaran maigida, kowa ya gane. In Fadanku ya tambaye ki, ki ce takwaran baban Laraba. In yana da uwa, ya san abin da kike nuhi."

Na ce, "Tumba, Allah shi biya ki."

Ta ce, "Ki dai ci jarabawarki. Mutumin kirki na, kada ki bar shi yana jira." Ta ƙulle mini kifi a takarda, ta rako ni har bakin titi.

Na dawo ina bita a mota. Takwaran baban Laraba. Takwaran baban Laraba. Ina wanka ina faɗa, ina tsintar shinkafa ina faɗa. Ya zauna daram.

Ranar Asabar ɗin ta zo da zafi irin na bazarar Kabi, wanda ko ƙadangare ba ya son fita. An jera benci a gindin dogon yaro. Iyayen yara sun zo, matan zumunta sun zo da ankonsu, Laraba ta nemi hutu a wurin aiki ta zauna a baya. Fada na zaune a kujera da farar rigarsa, Katikis na tsaye gefensa. Wanda ya ci za a yi masa baftisma da Ista, idin tashin Yesu daga matattu. Wanda ya faɗi sai wata shekara. Ni kuwa a shekaruna, wata shekara ba alkawari ba ce.

Aka yi ta kiran yara, wasu su amsa, wasu su yi kuka. Sai aka ce, "Kaka."

Na tashi, na gyara zane, na tsaya.

"Kaka, wa ya halicce ki?"

Na amsa.

"Don me ya halicce ki?"

Na amsa, ban ko numfasa ba. Ya tambayi sakramenti, na jero su. Ya tambayi dokoki, na jero su har da waɗanda bai tambaya ba. Ya ce in yi Addu'ar Ubangiji, na yi. Matan zumunta suka fara guɗa ƙasa-ƙasa. Fada ya dubi Katikis ya ce, "Malam Ishaku, ka yi hankali da kujerarka, Kaka na zuwa." Aka yi dariya, ni ma na yi, kaina ya ƙara girma.

Ya ce, "Saura ɗaya, mai sauƙi. Wane ne Yesu ya ba mabuɗan mulkin sama?"

Amsa tana nan a bakina, a shirye. Amma da ya ce mabuɗai, ban san abin da ya faru ba, sai na ji ƙararsu. Mijina yana da wani tarin mabuɗai da yake ratayawa a ƙugu, na shago, na akwatin kayan aiki, na keke, da wasu da shi kansa ya manta ƙofarsu. Tun yana zaure nake jin kacau-kacau ɗinsu in san ya dawo, in tashi in ɗebo ruwa. Ƙarar nan ce ta cika mini kunne a gindin bishiyar nan, sarai kamar yana bayana. Kalmar "takwaran" ta maƙale a maƙogwaro. Sauran ya fito, da ƙarfi kuma, yadda Katikis ya koya mana.

"Baban Laraba!"

Jama'a suka dubi juna. Sai wani yaro ya ce fit, kamar an huda balan-balan, sauran suka ɗauka.

Fada bai san komai ba, bawan Allah. Bai san Laraba ba balle babanta. Ya ɗaga hannu yara su yi shiru, ya matso da kujera, ya sassauta murya irin yadda ake yi wa tsoho in ana zaton kansa ya fara juyawa. Ya ce, "Baban wa, Kaka?"

"Baban Laraba." Yanzu da ƙaramar murya. Ina ta laluben kalmar Tumba a cikin kaina kamar mai neman allura a rairayi, babu ita.

Sai ya ga bari ya taimake ni da alama. Ya ce, "Kaka, ki natsu, kin san shi. Shi ne fa wanda tsoro ya kama shi, ya yi musun Ubangijinsa har sau uku kafin zakara ya yi cara."

'Ya'yana, a nan ne Shaiɗan ya sami wurin zama. Ni dai na san sunan wa na ambata yanzu-yanzu. Sai ga wani yaro da bai kai ɗan farina ba yana cewa "shi ne fa", a gaban jama'a, a kan mutumin da ke kwance ba ya iya kare kansa. Labarin zakaran nan na san shi, na haddace shi. Amma jinina ya riga hankalina tashi. Na kama ƙugu.

"Wa? Shi? Fada, ka ji tsoron Allah! Wa yah hwaɗa maka wagga magana? Mutumin da ko gulbi ya cika ya ci hanya sai ya rataya takalmi a wuya ya tahi Misa? Bai taɓa musun Ubangiji ba, ko sau guda, balle ukku! Kuma zakaran da kake hwaɗi, mu ba mu taɓa kiwon kaji ba, agwagi ag gare mu, a tambayi duk Argungu!"

Ban san dariya na iya kayar da mutum ba sai ran nan. Shugabar matan zumunta, mace mai jiki, ta zame daga benci ta zauna a ƙasa tana bugun cinya. Yara na birgima. Katikis ya rufe fuska da littafin katikizim, kafaɗunsa na rawa. Na hango Laraba ta ja gyale ta rufe kai ta nufi bayan coci da sauri. (Ta ce wai fitsari ne. Rubuta yadda na faɗa.) Shi kuwa Fada ya buɗe baki ya kasa rufewa.

Sa'an nan hankalina ya dawo, a hankali, kamar ruwa na cika rami. Na ji abin da na faɗa. Na karɓar wa mijina mabuɗan sama, na kuma ƙi karɓar masa zakara. Da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe. Ban jira an sallame ni ba. Na naɗe tabarmata na zagaya can gefen coci inda randar ruwa take, na zauna a inuwar bango. Kunya ce ta fara zuwa. Da ta ɗan lafa sai abin da ya fi ta ya zo: na faɗi. Wata shekara kuma a benci, in ina da ita.

Ban san iya zaman da na yi ba. Sai na ga farar riga a gabana. Fada ne, da ruwan leda a hannu. Bai tsaya a kaina ba, ya durƙusa yadda ɗa ke yi, ya miƙo mini.

Ya ce, "Kaka, Malam Ishaku ya yi mini bayani. Shi ma sai yanzu ya gane tarin nan naki. Ki yafe ni, ban sani ba. Tsohuwata ma Baban Yara take cewa har gobe."

Na ce, "Na faɗi ke nan."

"Wa ya ce? Manzon nan suna biyu gare shi. Kafin Yesu ya sa masa wancan, Siman iyayensa ke kiransa. Ki ce Siman, na karɓa."

Ku ji fa. Ashe ƙofa na nan a buɗe tun farko. Da na buɗe baki na faɗa wa Katikis, da ban sha citta a banza ba, da ban biya kuɗin mota zuwa Argungu ba, da ban tona wa agwagina asiri ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni kuwa na zo neman wankan baftisma ina ɓoye nawa.

Na buɗe baki zan ce Siman, sai ya ce, kamar mai magana da kansa, "Shi marigayin, bai taɓa so ya ji ba?"

Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Tumba. Amma na faɗa wa yaron nan. Ya so. In ya dawo da nishaɗi, ya ci ya ƙoshi, yakan ce, "Ke, ki kira ni sau ɗaya mana, in ji yadda yake a bakinki. Kowa na kira, har masu bina da ruɓaɓɓen inji, ke kaɗai kika hana ni." In ce Allah ya sawwaƙe, in tashi in shige madafa ina dariya. A gadon asibiti ma ya sake, muryarsa ta riga ta shige, yana murmushi. Na ce, "Ka warke tukuna."

Fada ya bar ni na gama share hawaye da bakin zanena.

Na ce, "Fada, maganar nan da ka yi, cewa gida ɗaya muke da su, bango ne kawai a tsakani. Suna ji?"

Ya ce, "Haka muka gaskata, Kaka. Da ikon Allah suna ji."

Na ce, "To tashi ka sake tambayata."

Ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya tsaya sosai kamar a gaban jama'a. Ni ma na dafa bango na miƙe.

"Wane ne Yesu ya ba mabuɗan mulkin sama?"

Na ce, "Bitrus."

Ashe bai fi numfashi ɗaya ba. Abin da na yi rayuwa guda ina ɗauke da shi, ya fito ƙarami, sabo fil, kamar zanen da aka ajiye a ƙasan akwati ba a taɓa ɗaurawa ba. Na tsaya na kasa kunne. Babur ya wuce a titi. Kurciya na kuka a kan rufin coci. Shi ke nan.

Fada ya ce, "Daidai ne, Kaka. Kin ci."

Na yi masa godiya. Amma tunda yau gaskiya nake faɗa, bari in ƙarasa ta: ba manzo na kira ba. Wato tambayar nan sau biyu na faɗi ta, ta biyun ce dai Fada bai gane ba. Ko kuwa ya gane ya kau da kai, don yaron yana da uwa.

An yi mini baftisma da Ista, tare da yaran ajinmu, ni ce mai farin kai a cikinsu. Na shiga layi. Gwiwata na ciwo, layin na tafiya a hankali, ban damu ba, na sa hannu a akushin.

Sunan da na samu kuwa ba wanda aka ba ni a baftisma ba ne ya bi ni. Matar Mai Mabuɗi ake ce mini. In na shiga kasuwa wata 'yar zumunta ta hango ni sai ta ɗaga murya, "Kaka, in kin riga mu, ki ce wa baban Laraba ya bar mana ƙofa a buɗe!" In ce mata, "Sai kin biya bashin zunubinki, ba ya son magudi." Har Tumba labari ya kai mata, ta aiko a gaya mini wai ita ta ba ni kalma uku, na zubar da ɗaya a hanya, ba za ta ƙara ba ni ajiya ba.

Abin da na koya, ban da dokoki goma da sakramenti bakwai, ga shi, ku 'yan mata ku riƙe. In Kirista ya zo neman aurenki, kafin ki tambayi sana'arsa, ki tambaya ko sunansa na cikin katikizim. In kuwa kin riga kin aure shi, kunya ado ce, ban ce ki yar ba. Amma ki cire ta sau ɗaya, a ɗaki, ke da shi, tun yana iya cewa na'am.